Warin da Kawu Ya Ji a Rigata

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki, ya su Auta? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan ciwo saboda sunkuyo.

Ashe Kawu daga ziyarar kwana biyu ya koma ya ce miki na fara shan taba? Wallahi raina ya ɓaci! Aikina ne, Inna. Wuni nake ina tsintar guntayen sigari a titi, a kai masana'anta a sarrafa su a yi kujeru. Dole rigata ta yi wari. Ya shinshina, bai ko tambaye ni ba.

Allah ya ƙara miki lafiya. Kuma ki gaya wa Kawu, guntun da ya yar a ƙofar ɗakina, ni na tsince shi.

Ɗanki.