Jan Dankalin da Ke Kan Takardar Baba

Perth, 9 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Yaya Glenys,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Merv da tumaki.

An ɗora mini aikin sake tantance tsirran raɓa masu dankali, waɗannan masu danƙo a ganye da ke kama ƙwari. Rabon da a yi wa dangin nan gyara na tsanaki tun 1906, kuma ma'ajiyarmu ta busassun tsirrai na son a gama kafin ƙarshen Oktoba.

Aikin ya iso kan tsiron Mama. Kin san Baba ya samo shi a gindin Dutsen Tanki a 1946, aka sa masa sunanta, Drosera enidiae. Ganyensa da furensa ba su da bambanci da na gama-garin irin da ke ko'ina. Abu ɗaya ya raba su: dankalin gama-garin fari ne, na Mama ja ne. Shaidar kuwa takarda ɗaya ce tak, wadda Baba ya manna tsiron a kai. Idan ba a samu na biyu ba, dole in haɗe shi da gama-garin, sunan ya faɗi.

Don Allah in ya yi fure ki haƙo mini biyar, kowanne da dankalinsa a jikinsa.

Naki,
Lindsay

Gona, Wongan Hills, 21 ga Yuni

Malam Dakta ƙanena,

Na gaishe ka. Wasiƙarka ta zo, na karanta sau biyu don in tabbata ba daga ofishin haraji take ba. “Naki, Lindsay.” Ni da na wanke maka gindi.

Ruwa ya sauka, alkama ta fito, dila ya cinye mana 'yan raguna uku. Gwiwata kuma ta hana ni durƙuso, ka ga batun haƙa sai a hankali. Ka manta yadda abin yake ne? Dankalin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana can ƙasa kusan kamu ɗaya, kuma zaren da ya haɗa shi da tsiron ko hararar sa ka yi sai ya tsinke.

Ranar Lahadi na je wurin Mama a gidan tsofaffi. Zanen tsiron na nan a saman gadonta. Na tarar ta tsare wata sabuwar nas tana cewa, “Ke yarinya, a danginku akwai wadda aka sa wa ciyawa sunanta? To ni akwai. Har ƙuda take ci.” Shekararta tamanin da takwas, Lindsay. Wa aka kashe in ka tsallake shafi ɗaya? Ku masana ba ku da aiki sai raba abin da ke zaune lafiya, in kun gaji ku sake haɗawa.

Merv ya ce a gaishe ka, ya ce ka zo askin tumaki in kana neman aikin gaske.

Yayarka,
Glenys

Perth, 4 ga Agusta

Yaya Glenys,

Ina gaisuwa, Allah ya sauwaƙe gwiwa.

Kina da gaskiya kan rabawa da haɗawa. Wani Bafaranshe ya karkasa dangin nan a 1848, wani Bajamushe ya sake karkasa su a 1906, kuma rabin rigimar daga busassun tsirran da aka aika Turai babu dankali ta samo asali, domin masu tsinkowa sun ƙi wahalar haƙa. Baba ya haƙa. Abin da ya sa aka yarda da shi ke nan, shi da manomi ne kawai. Ba zan iya tsallake shafinsa ba. In na tsallake, wani zai zo bayana ya buɗe, kuma shi ba ɗan Mama ba ne.

Akwai abin da ya dame ni. Na sa takardar a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Inda zare ya haɗu da dankali an liƙe da 'yar takarda, na ɗaga ta a hankali, sai na ga ba a haɗe suke ba, an dai jera su ne. Hakan na faruwa, zare kan tsinke. Amma ina son ganin abin da Baba ya rubuta. Littafinsa na 1946 yana wurina, ba komai a ciki sai “dankali ja”. Na 1947 ban taɓa ganin sa ba. Ki duba akwatin ƙarfen nan na rumfar aski.

Idan gwiwar ba ta bari, zan zo da kaina a farkon Satumba.

Ƙaninki,
Lindsay

Gona, 2 ga Satumba

Lindsay,

Gaisuwa. Kada ka ɓata mai, na haƙa.

Jiya na ɗauki cokalin nan na Baba mai lanƙwasasshen baki na tafi Dutsen Tanki. Suna nan fal, sun yi fure, ƙwari sun maƙale a jiki kamar kullum. Na haƙa biyar, babu wanda ya tsinke. Duk farare ne. Tun kafin in durƙusa na san abin da zan gani.

Kai kana shekara huɗu, ba za ka tuna ba. Baba ya dawo daga yaƙi hannunsa na rawa, ko kofin shayi sai ya riƙe da biyu. Don haka ni ce mai haƙa masa. Ran nan ya nuna mini tsiron, ya ce, “Glen, a hankali, wannan da dankalinsa nake so,” ya tafi duba shinge. Na haƙa, na haƙa, zaren ya tsinke, dankalin ya ɓace cikin ƙasa. Shekarata goma sha ɗaya. Ba dukan Baba nake tsoro ba, bai taɓa duka na ba. Shirunsa nake tsoro, wanda kan ɗauki kwana uku. Sai na ruga rairayin bakin rafi inda wani irin yake, mai shimfiɗa ganye a ƙasa, mai sauƙin tonowa. Na ciro dankalinsa na kawo. Ko a raina ban kawo launi na da wani amfani ba.

Da ya gani sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Ja? A nan kika same shi?” Na ce e. Ya yi dariya, Lindsay. Karo na farko ke nan tun dawowarsa. Har gida yana kiran Mama, “Enid! Fito ki ga abin da 'yarki ta tono miki!” To ka gaya mini a wane lokaci zan buɗe baki. Da wasiƙar masana ta zo da sunan Mama a ciki, magana ta riga ta fi ƙarfina. Shekara arba'in da ɗaya ina wuce dutsen nan ina kau da kai, kuma kunyar ba ta ragu ba.

Yau da safe na je na gaya wa Mama. Na ce za a sa sunanta a ƙarƙashin wani suna. Ta ce, “Za a goge?” Na ce kamar yadda na fahimta ba a gogewa, sai dai a rubuta shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ta ce, “To ai ba sabon abu ba ne. Tun ranar aurena nake zaune a ƙarƙashin sunan wani.” Sai ta tambaya ko na zo mata da biskit. Zanen dai ta ce kowa ya taɓa shi za su haɗu.

Abin da ke ci na shi ne Baba. Ya tafi kabari yana alfahari da ƙaryata.

Ga biyar ɗin a naɗe cikin jarida, ga kuma littafin 1947, yana ƙasan akwatin. Ban buɗe ba, ba na iya kallon rubutunsa yau. Ka rubuta abin da ya kamata.

Yayarka,
Glenys

Perth, 10 ga Satumba

Yaya,

Na gaishe ki. Saƙo ya iso lafiya, kin iya haƙa har yanzu.

Na haɗe su. Sunan Mama yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, da bayanin cewa tsiro biyu ne aka gauraya a takardar asali. Ban faɗi wanda ya gauraya ba, ba a tambaya.

Na buɗe littafin. Shafi uku kawai Baba ya yi rubutu a ciki, sauran duk fari ne. Ga na ƙarshe, yadda yake:

“14 ga Satumba, 1947. Dutsen Tanki, ni kaɗai. Na haƙa bakwai, ya ɗauke ni yini guda. Duk farare. Kada a yi wa Glen maganar.”

Zan zo aski. Ki ce wa Merv ya ajiye mini almakashi.

Ƙaninki,
Lindsay