Inna, Na Kai Sabararki Ɗakin Gwaji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo ta Bazaga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fata Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu duka lafiya lau. Damina ta yi kyau, hatsi ya cika rumbun Baba.

Kin rasu ina koyarwa a lakwal. Bayanki na koma karatu a Yamai, inda muke binciken ganyen itatuwan magani. Da malaminmu ya ce kowa ya kawo na garinsu, ban yi dogon tunani ba, sabara na ce.

Ba zan manta jegon da na yi na ɗiyata Zainabu ba. Bayan suna zazzaɓi ya kwantar da ni, nono ya ɗauke, jaririya tana ta tsala kuka har muryarta ta dishe. Kika ɗauki ƙwarya kika nufi bayan gari, kika dawo da ganyen sabara, ƙafarki duk ƙaya. Kika dafa, na sha, kika yi mini wanka da sauran.

Mata suka ce hakan ya isa. Ke kuwa kika tsaya kan Baba sai ya ɗaura jaki a amalanke. "Ganye nasa daban, allura tata daban," kika ce. "Ɗiyata duka biyun za ta samu." Haka muka tafi likita a Ƙonni, kaina bisa cinyarki, Zainabu a bayan Dije, maƙwabciyarmu Bafillata, wadda ta shayar da ita tare da nata ɗan har na tashi.

To, ga abin da muke yi da ganyen, Inna. Muna shanya shi a inuwa, mu daka, mu jiƙa, mu tace. Akwai wani ruwa mai launin shunayya da muke ɗiga tataccen a ciki. Idan ganyen yana da sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa, irin yadda mai yake hana ƙarfe tsatsa, sai ruwan ya koma ruwan ɗorawa. Da na ɗiga na sabara, ina kallo ya juye. Na tsaya riƙe da kwalbar, ƙamshin tukunyarki ya cika mini hanci, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya.

Malam ya ja mana kunne cewa kwalba ba jikin mutum ba ce, da sauran aiki kafin a ce ga abin da ganyen yake warkarwa. Na yarda. Ban san wanda ya tashe ni ba, ganyen ko allurar. Na dai san wadda ta tsaya a kaina.

Da hutu na je gida. Zainabu ta yi tsawo, ita ke daka wa kakanta fura. Na zauna na kwashe labarin kwalbar na faɗa wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce da ma uwata na faɗa wa, ita ce mai son irin wannan labari. Ga shi na faɗa miki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke ruwan Alkausara, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi