Kada a Fasa Jirgin Baba

Sentul, Kuala Lumpur

Zuwa ga Yayana Haliru, a Yelwan Yawuri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya tare da iyali. Allah ya ƙara wa Inna Ɗelu sauƙin gwiwar nan, ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama kullum da la'asar. Matata Sharifa na gaishe ka. 'Yarmu Zuhra ta shiga aji huɗu, kuma har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take mayar mini. Na ba Muhyiddeen, wani ɗalibi da zai zo hutu, wannan takarda ne domin sau uku ina ɗaga waya bakina yana ƙin buɗuwa.

Yaya, ka san ni. Da jaka ɗaya na sauka ƙasar nan, da takardar sakandare da ko Turanci ban ci ba a cikinta. Ba wanda ya tarye ni a filin jirgi. Na yi dakon yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman, na kwana a kan dila, na koyi yarensu a bakin masu shayi, har na buɗe shago a titin da na yi dako. Gidan da nake ciki gumina ne. Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ban taɓa gajiya da faɗin haka ba. Yau dai ba don in yi alfahari na jero su ba, don ka san wane irin mutum ne ya ji kunyar da zan ba ka labari.

Shekara biyu ke nan na shiga wata ƙungiya ta masu tara tsofaffin ƙananan jiragen ruwa na katako. Ban gaya maka ba, don na san abin da za ka ce: wanda ya gudu daga bakin kogi ya koma sayen kwale-kwale. Na sayi wani da aka sassaƙa sama da shekara sittin, na ajiye shi a rumfa a bayan gida. Wani dattijo a ƙungiyar, Pak Rahim, ya ce in bi shi a hankali, in bar duk katakon da bai ruɓe ba. Na ce masa ni ba a koya mini aiki. Duk inda na ga faci na ɓamɓare, duk allon da ya yi baƙi na canza, na goge, na shafa fenti har mutum na ganin fuskarsa. A goshinsa na sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Watan jiya aka yi baje koli a bakin wani tafki a wajen gari. Nawa ya fi na kowa ƙyalli. Ina tsaye kusa da shi da babbar riga sai Pak Rahim ya zo da wata mata, ya ce sunanta Rohani, jikar wanda ya sassaƙa jirgin ce, tun daga gabar gabas ta taso da ta ji an gyara shi. Ta durƙusa tana shafa cikinsa, tana neman wani allo da kakanta ya yi wa faci a gabanta tana ƙarama, inda ya yanka alamarsa da wuƙa. Ta tambaye ni ina yake. Yaya, da hannuna na jefa allon nan a motar shara. Na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙe ta ce jirgi ya yi kyau, ta gode mini. Pak Rahim ya ce a hankali, jirgi ne mai kyau, sai dai sabo ne.

Kafin ta tafi ta ce ta ga yadda na cusa tsumma a tsakanin alluna, ba irin nasu ba ne amma hannun gwani ne, wa ya koya mini? A gaban Zuhra na ce ni na koya wa kaina. Shekara goma sha tara ina gaya wa mutanen garin nan cewa mahaifina ɗan kasuwar yadi ne. Ban taɓa cewa Lawal mai jirgi ne ya haife ni ba, wanda ya yi shekara arba'in yana fiton mutane da buhunan albasa a kogi. A mota Zuhra ta tambaye ni ko kakanta ya taɓa shiga jirgin ruwa. Na ƙara ƙarar rediyo.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna da azumi na ce maka magina za su fara aikin gidana a filin Baba bayan Babbar Sallah, a kawar da wannan tarkacen da ke kife a gindin mangwaro, a faskara a ba Inna ta yi girki. Jirgin Baba na ce wa tarkace, da bakina. Kai kuma ka ce to. Sai yanzu na ji nauyin wannan to ɗin. Don Allah, Yaya, in ba a sa masa gatari ba, kada a sa. Magina su jira, ko su matsa da harsashin, ko a fasa ginin gaba ɗaya. A ɗaga shi daga ƙasa a kan duwatsu saboda gara, a yi masa rumfa. Kada a yi masa fenti. Kada a cire ko gwangwani ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya buga a wuraren faci. In kuwa an riga an faskara, ka gaya mini kai tsaye, kada ka tausaya mini, ban cancanta ba.

Akwai faci a gefen hagu kusa da goshi. Kai ka san tarihinsa, yaranka ba su sani ba. Ina shekara goma sha biyu na saci jirgin na kara shi da dutse. Baba bai doke ni ba. Ya sa na riƙe allon, ya nuna mini yadda ake murɗa tsumma a cusa, muka wuni a rana. A nan na koyi abin da matar nan ta gani.

Ka gaishe mini da Inna Ɗelu, ka roƙa mini ita gafara, don na san maganar faskaren ta kai kunnenta. Ka gai da Bintu da yara, da Kawu Yusha'u, da mutanen bakin kogi da suka san ni da gajeren wando. Da hutun ƙarshen shekara zan kawo Zuhra, in Allah ya yarda.

Abu ɗaya kawai ba zan janye ba, ka san halina. Sai an rubuta sunana. Ba a jikin katakon ba, a allo daban, a rataye a rumfar daidai saitin facin. Ban yarda a sa Alhaji ba, ban yarda a sa Malesiya ba. A rubuta: Jirgin Lawal. Nan ne ɗansa Hadi ya fasa.

Ƙaninka mai jiran amsa,
Hadi Lawal Mai Jirgi