Rufin da Datong Ya Yi

Talata, 16 ga Afrilu, 2024

Ruwan jiya da ƙanƙara ya zo. Iska ta ɗaga rufin sabon ɗaki, ta ajiye shi a gidan maƙwabta. Ba wanda ya ji rauni, mun gode wa Ubangiji. Tsohon ɓangaren gidan kwano uku kawai ya rasa.

Har yanzu "sabon ɗaki" nake cewa. Shekara uku ke nan da mijina Datong ya gina shi, shekara ɗaya da rabi da rasuwarsa.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Na zaƙulo takardun inshora daga akwatinsa. Shekara goma sha ɗaya muna biya, ko sau ɗaya ba mu saɓa ba. Yau dai za su san da zamana a unguwar Rikkos.

Litinin, 22 ga Afrilu

Kamfanin ya turo wata Madam Sadiat. Mai ladabi, amma idonta ba ya barin komai. Ta ɗauki hotuna, ta hau tsani da kanta, sannan ta ce, "Mama, wa ya yi wannan rufi? An sanar da mu an ƙara ɗaki?"

Wai wanda aka yi wa inshora shi ne gidan da suka sani. Abin da aka ƙara daga baya sai an gaya musu, kuma ba sa biyan ɓarnar da rashin ingancin aiki ya jawo. Na ce mata mijina bai taɓa yin aikin banza ba. Ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Ta bar mini fom. Ban ba ta ko ruwa ba, abin yana damuna.

Laraba, 24 ga Afrilu

Katifa ba ta bushe ba. An sake yin ruwa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Linus kafinta ya zo dubawa. Ya daɗe a sama, ya sauko yana sosa ƙeya. Wai ba a ɗaure katakon da bango ba. Ana sa langalanga, wannan siririn ƙarfen, a riƙe rufi da shi. Su ƙusa kawai suka buga.

Na tuna ranar sarai. Gayya Datong ya kira, zumuntar maza na coci, wata Asabar. Malamai biyu, mai ɗinki, tsohon ma'aikacin gidan waya, ba kafinta ko ɗaya. Na dafa gwate tukunya biyu. Suna waƙa suna buga ƙusa, shi yana sama yana ba da umarni kamar a aji. Na ce a kira kafinta, ya ce, "Loyis, lissafi na koyar shekara talatin."

Linus ya rage murya: "Mama, in rubuta ni na yi aikin, na sa hatimina. Wa zai tambayi iska?"

Ban ce e ba. Ban ce a'a ba.

Juma'a, 3 ga Mayu

Kwana goma sha ɗaya fom ɗin yana kan tebur. In na sa sunan Linus, wataƙila su biya. Amma sai ya zama Datong bai taɓa hawa can ba, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya yi da hannunsa.

Wurin "wanda ya yi aikin" na rubuta: Datong Bot, mijina, malamin lissafi. Na kai da kaina. Madam Sadiat ta karanta, ta dube ni, ta miƙo mini kujera.

Asabar, 11 ga Mayu

Amsa ta zo. Za su biya kwano ukun tsohon ɓangare. Ɗakin kuwa, a'a. Ban yi mamaki ba. Zan rufa shi a hankali, rabi bana, rabi baɗi.

Linus ya fara sauke sauran katakon. Ya tambaya ko a ajiye mini, tunda ya san ko takalmin mutumin ban bari an taɓa ba. Na ce ya zaɓi masu kyau, sauran a kai wa mai ƙosai ta hura wuta.

Da ya nuna mini wata ƙusa da ta lanƙwashe uku, sai na ji bakina ya ce, "Mutumin nan bai iya ba, ga taurin kai." Muka yi ta dariya har na zauna a ƙasa. Tun da ya rasu ban faɗi laifinsa ko ɗaya ba. Yau ne na ji kamar yana gida.