Haƙorana Talatin da Ɗaya Suna Abala

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Sashen Radiyo,
Asibitin Aikin Fuska da Muƙamuƙi, Yamai.

Daga:
Bashir Hamani, Bakin Kasuwa, Filingue.

Litinin, 2 ga Disamba, 2024.

Game da: musanya hoton muƙamuƙina da na wani dattijo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi. Tun asali ni ba mai yawan magana ba ne, yanzu kuwa ko na so babu ƙofa. Shi ya sa takarda.

1. Ran Lahadi 6 ga Oktoba jakin kawuna ya harbe ni a haɓa ina sauke damman gero. Ran 9 lokotoronku ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Aikinshi ya yi kyau, ba shi na kawo ƙara ba. Jakin ma na yafe mishi.

2. Ran 20 ga Nuwamba na koma radiyo ɗaukar hoton ƙashi, na ɗora haɓa, inji ya zagaye mini kai. Sai aka ce fim ya ƙare, in tafi gida, za a aiko hoton ta hannun direban tasha. In lokotoron Filingue ya ga ƙashi ya kama, ya kwance wayar.

3. Ran 24 ambulan ya iso da sunana a kai. Lokotoro ya ɗaga hoton wajen taga, ya dube shi, ya dube ni, ya nemi kujera. Babu haƙori ko ɗaya a hoton, dasashi fayau. Shekarata ashirin da biyu. Har mai gadi aka kira ya gani. Ranka ya daɗe, dariya da waya a baki azaba ce, ta hanci take fita. Na yi ta har da hawaye.

4. Direba ya ce ambulan biyu aka ba shi, ɗayan na Abala. Ran 28 na bi shi can. Na tarar da Malam Gidaɗo, makiyayi mai kamar shekara saba'in, zaune gindin aduwa da hotona a hannu, jama'a kewaye, ana ƙirga haƙora talatin da ɗaya. Wai inji ya hango su cikin nama, suna nan tafe. Har kilishi ya sa an ajiye mishi. Na rubuta mishi bayani, to ni ba baki, shi ba boko. Direba ya yi tafinta. Dattijo ya sa hoton cikin riga, ya ce asibiti ya ba shi, asibiti kaɗai zai karɓa. Ya kuma yi mini addu'a Allah ya sa nawa ma su tsiro.

5. Ran 12 ga Disamba nake da jarrabawar baka ta konkur ɗin shiga makarantar horon malamai. Ta rubutu na ci. Sati takwas ke nan ina zuƙar tatacciyar fura ta gurbin haƙorin da jaki ya fidda, kuma ta wannan gurbi ba a amsa tambaya. Lokotoro ya ce ba zai taɓa wayar ba sai ya ga hotona. Yana da gaskiya. In ranar ta wuce, sai baɗi.

Don haka, cikin ladabi nake roƙo a sake fidda hotona daga inji, a rubuta suna jikin fim ɗin kanshi, a aiko shi kafin ran 9 ga wata.

Roƙo na biyu, a kira Malam Gidaɗo Yamai da gaggawa. A hotonshi da ke hannuna lokotoro ya nuna mini wani baƙin tabo girman goro a gefen hagu, daga nan kuma ya bar dariya. Kuncin dattijon a kumbure yake daidai wurin. Shi haƙora yake jira. Ban iya sanar da shi ba, kuma ba wayar ce ta hana ni ba.

Allah ya ja da ranka, ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Bashir Hamani.