Na Ce Birki Ne, Alhali Fuskata Ce

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kada ki sa wasiƙar nan a ƙasan sauran. Ranar Litinin za a zauna a kan maganar wani mutum a wurin aikinmu, kuma ni kaɗai na san bai yi laifin komai ba.

Ni direban kuren ne, injin nan mai dogon hannu da ke ɗaga kaya a wurin gini. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ko bulo ɗaya ban taɓa fasawa ba. Ina zama a wani ɗan akurkin ɗaki na gilashi, hawa tara daga ƙasa, hannuwana a kan sandunan sarrafa injin, mutane suna kai da kawowa a ƙarƙashina.

Wata bakwai ke nan da abin ya fara. Ina goge baki da safe, sai na ji kamar an jona mini wayar lantarki a kuncin dama, daga gefen hanci har cikin kunne. Bai kai daƙiƙa goma ba, amma sai da na durƙusa a banɗaki. Da ya sake ni kuma shi ke nan, kamar ba a yi ba. Na ɗauka haƙori ne. Aka cire mini ɗaya, bayan wata biyu aka cire na kusa da shi, yanzu ga giɓi ga ciwo. Tauna tana tayar da shi, haka magana, haka ruwan sanyi, har iskar fanka. Gemun da ake yi mini ba'a a kansa dole ce ta sa na bar shi, don reza ba ta isa ta taɓa wurin ba. Da ɓarin hagu nake cin abinci, na rame har na ƙara wa bel ɗina huda biyu. Maganin ciwon kai na sha har cikina ya fara zafi, ko gezau. Kwanan nan kuma tafin ƙafafuna suna raɗaɗi, yatsun kamar ana tsira musu allura.

Maiɗakina ciwon haƙori kawai ta sani. Ran nan ta kai hannu za ta cire mini wani zare a kunci, na doke hannun da ƙarfi, a gaban 'yarmu. Tun ranar nesa da ni take ajiye faranti. Na kasa yi mata bayani, domin ita ta yi jinyar mahaifina shekara huɗu da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma tsorona ko hanyarsa na kama.

To, ranar Laraba da hantsi na ɗauko ɗaurin rodi zan kai hawa na shida. Zafi ya dame ni na tura taga, iska ta bugi fuskata, abin ya zo. Ban san lokacin da na fizgi sanda ba. Kayan suka yi lilo suka daki bango, rodi uku suka zame suka faɗo, taku biyu daga wani birkila. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da na sauko injiniya ya tambaye ni, bakina ya riga ni, na ce birki ne ya saki.

Makaniken da ke kula da injin, wanda muke kira Dattijo, shi ya duba birkin kwana biyu kafin nan ya sa hannu. Saura shekara biyu ya yi ritaya. An dakatar da shi nan take. An kwance birkin ba a ga komai ba, amma injiniya ya ce ba zai ƙaryata direban da bai taɓa kuskure ba. Jiya Dattijo ya tare ni a bakin get, ya riƙe hannuna yana tambaya ko na ji wata ƙara kafin abin ya faru, wai ya yi ta tunani bai gano inda ya kauce ba. Na ce ban ji ba.

Gwaggo, wane irin ciwo ne wannan? Idan na faɗi gaskiya na san ba za su ƙara barina in hau ba, ni kuma ba abin da na iya sai wannan aiki, ga 'ya'ya huɗu. Idan na yi shiru, ranar Talata za a buɗe injin in koma sama. Ya zan yi?

Naki, Mai Aikin Sama

Ɗana Mai Aikin Sama,

Da na gama karanta wasiƙarka sai na kira wata likitar jijiyoyi na karanta mata. Ta ce ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon babbar jijiyar da ke kai saƙon ji daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa. Alamominsa ke nan: zafi kamar lantarki a gefe ɗaya, ya zo farat ɗaya ya wuce, kuma taɓawa kaɗan ko iska ta tayar da shi. Da yawa sai sun yi asarar haƙora kafin a gane. Galibi wata jijiyar jini ce ke danne ta, wani lokaci kuma tsohon rauni, ko ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a ɓari ɗaya na jiki, jefi-jefi kuma ƙari, shi ya sa ake ɗaukar hoton kai. Raɗaɗin ƙafa kuwa mai yiwuwa dabam yake, a gwada maka suga da bitamin B12, a duba bayanka saboda dogon zama.

Wannan ba shi ne ciwon mahaifinka ba. Amma in ka ga baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, gani ya dushe, ko ciwon kai mai tsanani da ba ka taɓa jin irinsa ba, a tafi asibiti a take. Ka daina ɗirkar maganin ciwon kai, ba ya jin sa. Yana da nasa magani, mutane da yawa suna samun sauƙi, wasu kuma a yi musu aiki. Sai dai maganin yakan sa jiri da barci, don haka likita ne zai ce ko za ka sake hawa, da kuma yaushe.

Tsoronka ba na banza ba ne. Za ka iya rasa kujerar nan, kuma ba zan yi maka alkawarin kamfani zai tausaya ba. Ciwo ba laifinka ba ne, ƙaryar da ta kuɓuce maka cikin firgici ma ana fahimtarta. Amma ta Laraba firgici ce, wadda ka maimaita wa Dattijo a bakin get kuwa da saninka ka yi ta.

Gobe ka je asibiti, ka tafi da maiɗakinka ta ji bayanin da kunnenta. Matar da ta yi jinyar suruki shekara huɗu za ta iya ɗaukar wannan labari, kuma tana bin ka ban haƙuri. Daga nan ka nemi Dattijo ka faɗa masa kafin kowa, domin sunansa ne ka ɓata. Sannan ka sami injiniya kafin zaman Litinin, da takardar likita a hannunka, ka faɗi abin da ya faru, ka roƙi aikin ƙasa. Mai shekara goma sha ɗaya a sama zai iya ba direba hannu daga ƙasa, zai iya koyar da sababbi.

In ka yi shiru, za a kori mutumin da ya yi aikinsa daidai, a gyara birkin da lafiyarsa ƙalau, a mayar da kai sama da ciwon da ba a taɓa ba, ga 'ya'yan mutane a ƙasa. Kada ka hau ranar Talata, ɗana, ko me za a ce.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba.

Taka, Gwaggo