Na Amince Aka Karɓa, Na Ƙi Aka Ce Ciwo Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Masu Taɓin Hankali na asibitin da aka kwantar da ni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan Likita yana lafiya, da aiki da iyali.

Sunana Sani, malamin firamare ne ni a Tsiga, ina kuma noma. Bara, ana tsakiyar girbin masara, ciwo ya taso mini. Yayana Alhaji Lawal ya sa aka ɗaure ni aka kawo ni wurinku, kuka kuma kulle ƙofa. Ban ga laifin kowa a nan ba. Da an bar ni a gida, ban san inda nake yau ba. Ƙorafina a kan binciken da aka yi a kaina ne.

Na ɗaya. A kwanakin farko, allura ba ta sake ni ba, wasu ma'aikata suka zo bakin gadona, suka ce suna nazari kan masu irin ciwona, za su riƙa ɗibar jinina suna naɗar muryata. Na tambaya ko yarda za ta sa a sallame ni da wuri, don masarata tana gona. Ba su ce eh ba, ba su ce a'a ba. Na dangwala yatsa. Aikina koya wa yara rubutu, amma ranar na kasa riƙe biro, kuma ba wanda hakan ya dama.

Na biyu. Da na dawo hayyacina, na nemi a daina, domin a cikin muryar nan na faɗi maganganu a kan matata waɗanda ba gaskiya ba ne. A gabana aka gaya wa yayana cewa gardamar alama ce ban gama warkewa ba. Na yi shiru don in samu fita, aka ci gaba.

Likita, a wace rana ce kuka ɗauke ni mai hankali? Ranar da na yarda, ko ranar da na ƙi?

Ina roƙon a goge muryata, a sanar da ni. A riƙa jira mutum ya farfaɗo kafin a nemi yardarsa, a kuma faɗa masa ƙarara cewa sallama ba ta rataya a kan yardar ba. Ban ƙi bincike ba. Yanzu ina shan maganina, na koma aji. Ku zo Tsiga ku sake tambayata, inda ƙofa take a buɗe.

Allah ya ƙara wa Likita lafiya da basira, ya ba majinyatanku sauƙi.

Wassalam.
Malam Sani, Tsiga